Babi na Bakwai: Murya a Tsakiyar Kiɗa, Daga Kirarin Bugaje Zuwa Jaz

Hanyoyi uku ne baitin waƙa ke bi kafin ya isa ga mai sauraro: ko dai a rera shi bisa wani kari sananne, ko a karanta shi a zuci daga takarda, ko kuma a furta shi da muryar magana, a ɗaga a sauke yadda zance ke tafiya, ba tare da an ɗaure shi da amon rerawa ba. Hanya ta uku ita ce za a kira waƙar furuci a wannan babi, kuma abin dubawa shi ne halin da take shiga idan aka zaunar da ita tare da makaɗa kaɗan, waɗanda kowannensu ke jin numfashin ɗan uwansa. A Turai da Amurka an shafe fiye da ƙarni biyu ana gwada wannan haɗi, da farko a cikin kiɗan zaure, wato kiɗan da aka tsara wa mutum biyu zuwa tara ko goma domin a saurara a ƙaramin ɗaki, kowane makaɗi da nasa layin, daga baya kuma a cikin jaz, kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙago a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, wanda ginshiƙinsa shi ne ƙirƙira nan take bisa wani zubi da kowa ya sani. A ƙasar Hausa haɗin ya daɗe, sai dai yana zaune ne a inda masu alƙalami ba su cika waiwaya ba.

Ƙasa ɗaya, iyaka a tsakiya

Bugaje gari ne a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, a yankin da ke tsakanin birnin Katsina da mashigar Magama, inda hanya ke tsallakawa zuwa Ɗan Isa ta miƙe zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Sunan garin ya yi daidai da ɗaya daga cikin jam'in kalmar Buzu, abin da ke tuna wa mai sauraro cewa yanki ne da mutanen arewa da na kudu suka daɗe suna cuɗanya a cikinsa. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta na Haɓe sun yi arewa, suka kafa sabuwar sarauta a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, suka tafi da tamburansu da maroƙansu da al'adun fadarsu, har yau kuma mai riƙe da wannan sarauta Sarkin Katsina ake ce masa. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su ne suka ja layin da ya raba dangi gida biyu, aka wayi gari wani yana koyon Ingilishi a makaranta, ɗan uwansa yana koyon Faransanci, alhali kalangun da ke tashe su a dandali iri ɗaya ne. Ko a shekarun baya-bayan nan, da aka rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, motocin kaya ne suka tsaya cik, amma waƙoƙi sun ci gaba da ƙetarawa ta rediyo da katin waya.

Muhimmancin yankin ga wannan bayani shi ne cewa masana kiɗa sun yi aiki a ɓangarorinsa biyu, sun kuma tarar da abu guda. Anthony King, wanda ya yi bincikensa a Katsina, ya wallafa kirarin bori na Katsina a tsakiyar shekarun 1960, sannan shi da David Ames suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Veit Erlmann kuwa ya yi nasa aikin a yankin Maraɗi, inda shi da Habou Magagi suka rubuta littafi a kan girka, wato bikin shigar da mutum bori, wanda ya fito a 1989. A duk waɗannan ayyuka, magana mai tsari da kiɗa suna tafiya ne a haɗe, kowanne yana jingine da ɗan uwansa.

Take da kirari

Take shi ne ɗan gajeren zubin kiɗa da aka keɓe wa wani mutum ko wata sarauta ko wata sana'a, wanda makaɗi ke fitarwa da ganga ko abin busa ta hanyar kwaikwayon hawa da saukar muryar magana, har wanda ya saba ya ji kamar kalmomi ake faɗa masa. Kirari kuwa jerin jimloli ne na yabo da zuga, cike da siffantawa da kambamawa, waɗanda ake furtawa da ƙarfi da sauri ba tare da rerawa ba. A filin dambe ko kokawa, ko wurin taron 'yan tauri da mafarauta, tsarin ba ya sauyawa sosai: mai kalangu ya kaɗa taken gwarzo, gwarzon ya zabura ya fito fili, makaɗin ya sassauta hannu ko ya tsaya, shi kuma ya shiga yi wa kansa kirari, yana kai ƙarshen kowace gaɓa ganga tana amsa masa. Babu wanda ya rubuta wa ɗayansu inda zai shiga da inda zai fita, domin kowanne ido da kunne ya sa wa ɗan uwansa, kuma idan mai kirari ya tsawaita numfashi mai ganga ya jira shi, idan ya yanke ya cike masa gurbin.

Zurmi, wadda ke maƙwabtaka da Jibiya ta ɓangaren Zamfara, ita ce ta fitar da Kassu Zurmi, makaɗin maza da ya shahara wajen zuga mafarauta da 'yan tauri da kalangu, kuma duk wanda ya saurari faya-fayensa zai lura da yadda muryarsa ke kai-komo tsakanin rerawa da magana tsantsa. Haka abin yake a fada, inda sanƙira ko ɗan ma'abba ke tsoma baki a tsakiyar waƙar makaɗin sarki, yana fassara abin da tambari ko kakaki ya faɗa, yana jero asali da nasaba, yana sanar da kyautar da aka yi. M. G. Smith ya yi bayanin matsayin waɗannan maroƙa a wata maƙala da ya wallafa a 1957, inda ya nuna cewa roƙo tsari ne da ke bayyana darajar kowa a cikin jama'a. Ta fuskar fasaha kuwa, sanƙira mai waƙar furuci ne da ke aiki a kan kiɗa mai rai, kuma gwanintarsa ita ce sanin lokacin da zai yi magana ba tare da ya taka muryar ubangidansa ba.

Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, ya kai wannan tsari wani matsayi na daban. 'Yan amshinsa kan riƙe layi ɗaya suna maimaitawa, masu kalangu suna riƙe da zubi guda, shi kuwa yana zuba sababbin ɗiyan waƙa a kai gwargwadon wurin da yake da mutanen da ke gabansa, shi ya sa da wuya a sami waƙarsa guda da ya yi sau biyu iri ɗaya. Wannan shi ne ainihin tsarin jaz, inda ake kafa gindi da ba ya motsi domin a ba wa gwani damar yawo a samansa. A ɗaya gefen kuma akwai makaɗan tsirkiya, irin su Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, da Haruna Uji da gurminsa, da Hassan Wayam da kukumarsa, waɗanda kiɗansu na kusa da kunne ne, ba ya bukatar fili mai faɗi, kuma shi ne mafi kusa da abin da Turawa ke nufi da kiɗan zaure.

Yadda alƙalami ya rabu da ganga

Duk da wannan gado, rubutacciyar waƙar Hausa ta tashi ne nesa da kayan kiɗa. Asalinta zauren malamai ne, inda tun ƙarni na 17 irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani na Katsina suke tsara waƙa da Larabci, kuma ta bunƙasa da Hausa da Fulatanci a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Malaman jihadi sun yi rubutu a kan hukuncin kiɗa, suka yarda da ganga don yaƙi da shelar aure da tara jama'a, suka soki kiɗan shagala da cakuɗuwar maza da mata, saboda haka waƙar wa'azi ta ɗauki karinta daga arulin Larabci, wato ilimin auna baiti da gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, ta dogara da murya kaɗai. Jagororin mata, wato jaji, da Nana Asma'u ta tura ƙauyuka a ƙarƙashin tsarin 'Yan Taru da baki suke rera waƙoƙinta, haka kuma almajirai da makafi suka yaɗa Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya a kasuwanni da tashoshin mota.

Akwai kuma dalilin matsayi. Kiɗa sana'a ce ta gado wadda ake yi domin a sami kyauta, kuma al'ada ta ajiye makaɗi a ƙasan tsani, yayin da marubucin waƙa ke ganin kansa malami mai faɗakarwa. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu duk sun yi waƙoƙin siyasa da na zamani, amma sun bar muryarsu ita kaɗai, ko da a gidan rediyo ne. Sai dai katangar ba ta taɓa rufewa ruf ba, domin masu nazari irin su Dalhatu Muhammad da Russell Schuh sun nuna cewa marubuta sun riƙa aron kari daga makaɗa, kuma karin Imfiraji kansa daga kiɗan caji ya fito, wato gangar tana nan a cikin baitin ko da ba a ji ta da kunne ba. A Kano kuma ɗarikar Ƙadiriyya, musamman a zamanin Shehu Nasiru Kabara wanda ya rasu a 1996, ta riƙe bandiri a matsayin abokin zikiri da ƙasidu, ta nuna cewa rubutaccen baiti na iya zama da fata a wuri guda.

Gwajin Turawa a zaure

Turawa sun iso wannan mahaɗa ta wata hanya, domin su abin da ya dame su shi ne yadda rerawa irin ta wasan opera ke cinye kalmomi har a kasa gane abin da ake faɗa. Jean-Jacques Rousseau ya tsara wani gajeren wasan kwaikwayo mai suna Pygmalion, wanda aka nuna a birnin Lyon a 1770, inda ɗan wasa ke magana kiɗa kuma yana shiga tsakanin jimlolinsa, kusan yadda kalangu ke yi wa ɗan dambe. A 1897 Richard Strauss ya sa wa doguwar waƙar Tennyson mai suna Enoch Arden kiɗan fiyano, mai karatu ɗaya da makaɗi ɗaya. Aikin da ya fi tasiri shi ne Pierrot Lunaire na Arnold Schoenberg, wanda aka fara gabatarwa a Balin ranar 16 ga Oktoba, 1912, mai ɗauke da gajerun waƙoƙi 21 na Albert Giraud da makaɗa biyar. Schoenberg ya rubuta wa muryar matsayin sauti a takarda, amma ya umarci mai furtawa ta taɓa kowane sauti ta sake shi nan take ta zame sama ko ƙasa, domin abin ya tsaya a tsakanin magana da rerawa.

Bayan shekara shida, a 1918, Igor Stravinsky ya gabatar da Labarin Soja a birnin Lausanne da mai ba da labari da makaɗa bakwai, kuma ƙuncin yaƙin duniya na farko ne ya tilasta masa rage yawan makaɗan domin a iya yawo da wasan gari-gari. A Landan kuwa, a 1923, Edith Sitwell ta tsaya bayan labule tana furta waƙoƙinta ta cikin bututun ƙara murya, bisa kiɗan da saurayi William Walton ya tsara mai suna Façade, wanda a cikinsa aka ji saksafon da ɗanɗanon jaz. Abin da ya haɗa waɗannan ayyuka shi ne cewa komai a rubuce yake, mai tsara kiɗa ya auna inda kowace kalma za ta faɗa, kuma ƙarancin makaɗa ne ya ba wa murya sararin da za a ji ta ba tare da ihu ba.

A Afirka ta Yamma, Léopold Sédar Senghor na Senegal ya riƙa rubuta sunan kayan kiɗan da ya dace a karanta kowace waƙarsa da su a samanta, kamar kora da balafon da khalam, wanda ɗan uwan molo ne, musamman a littafinsa Éthiopiques na 1956. Daga cikin waƙoƙin wannan littafi ne Akin Euba, masanin kiɗa ɗan Nijeriya, ya ɗauki Chaka ya tsara mata kiɗan da ya gauraya kayan Turai da na Afirka, aka gabatar da ita a Ife a 1970.

Jaz da mawaƙan Amurka

A Amurka, Langston Hughes ne ya fara ɗaukar zubin bulus, wato waƙar baƙin ciki ta baƙaƙen fatar kudancin ƙasar wadda jaz ya tsiro daga jikinta, ya mayar da shi karin rubutacciyar waƙa a littafinsa The Weary Blues na 1926, sannan a 1958 ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya karanta waƙoƙinsa, Charles Mingus da Leonard Feather suna jagorantar makaɗa. Shekara guda kafin haka, a 1957, Kenneth Rexroth da Lawrence Ferlinghetti sun riƙa karatu tare da 'yan jaz a wani gidan shaƙatawa na ƙarƙashin ƙasa mai suna The Cellar a San Francisco. Ba duka gwaje-gwajen suka yi armashi ba, domin sau da yawa mawaƙi kan duƙufa a kan takardarsa, makaɗa su ma su kama gabansu, a tashi kamar an kunna rediyo biyu a ɗaki ɗaya. Waɗanda suka yi nasara su ne waɗanda mawaƙin ya san zubin kiɗan a jikinsa, ya iya jira, ya iya maimaita layi ko ya yanke shi idan makaɗi ya buɗe wata ƙofa.

A shekarun gwagwarmayar neman 'yanci abin ya ɗauki zafi. Amiri Baraka ya karanta waƙarsa tare da ƙungiyar New York Art Quartet a 1964, ƙungiyar The Last Poets ta kafu a unguwar Harlem a 1968 tana furta baitoci a kan ganga zalla, Gil Scott-Heron ya fitar da faifansa na farko a 1970, kuma daga wannan reshe ne kiɗan rap ya sami wani ɓangare na asalinsa. Duk Bahaushen da ya saurari The Last Poets zai ji wani abu da ya yi kama da gida, domin murya ce mai zuga a kan fata mai amsawa. Kamannin yana da tushe a tarihi, tun da masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 a kan Afirka da bulus, ya danganta salon muryar bulus da yankin da ke kudu da Sahara, har ya kwatanta wani mai goge Bahaushe da ya ɗauki muryarsa a Kamaru a 1964 da mawaƙan bulus na Mississippi.

Mai busa daga Detroit a Samaru

Igiyar da ta ɗaure jaz da ƙasar Hausa kai tsaye ta bi ta hannun Yusef Lateef, mai busa saksafon da sarewa, wanda aka haifa a 1920, ya tashi a Detroit, ya karɓi Musulunci, ya rasu a Disamban 2013. Yana cikin makaɗan da suka yi faifan Uhuru Afrika na Randy Weston a 1960, wanda ya buɗe da waƙar 'yanci ta Langston Hughes da aka furta da Swahili a kan ganguna, kuma Babatunde Olatunji na Nijeriya yana cikin masu gangar. Hughes da Weston sun zo Legas a Disamban 1961 don wani bikin fasaha, amma Lateef ya yi abin da ya fi ziyara, domin daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya, inda ya nazarci sarewar Fulani makiyaya, ya yi aiki da makaɗan gargajiya, ya ɗauki faifan In Nigeria a Legas a 1983, sannan shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi a kan wasanni da kiɗan Hausa a 1987.

Lateef bai son a kira kiɗansa jaz, yana ganin sunan na ɗauke da raini, ya gwammace a ce kiɗa ne da ke fitowa daga jiki da hankali da ruhin mai yin sa. Wannan damuwa ta mutuncin makaɗi ita ce dai wadda ta raba malamin Hausa da mai kalangu, kuma zaman da ya yi a Samaru ya nuna cewa mutum na iya zama Musulmi mai kamun kai, malamin jami'a, kuma makaɗi, ba tare da ɗayan ya rushe ɗayan ba.

Abin da harshen Hausa ke bukata

Duk mai son haɗa waƙar furuci ta Hausa da kiɗa dole ya fara da sanin cewa Hausa harshe ne mai karin sauti, inda kowace gaɓa ke da matsayinta, sama ko ƙasa ko faɗau, kuma sauya matsayin na iya sauya ma'ana. Kalmar kuka idan gaɓoɓinta biyu suka tsaya a sama hawaye take nufi, idan ta biyun ta sauka kuwa itaciya ce. Bugu da ƙari, akwai dogon wasali da gajere, wanda shi ne ke tantance nauyin gaɓa, kuma jimlar Hausa kan riƙa gangarowa sannu a hankali daga farkonta zuwa ƙarshenta. Ma'anar wannan ita ce, abin da Schoenberg ya sha wahalar ƙagowa, wato magana mai ɗauke da amon kanta, Bahaushe da shi yake tashi tun yana goye, kuma makaɗin da ke rakiyarsa ba shi da 'yancin da abokin aikinsa na Ingilishi ke da shi, domin idan sarewa ta hau a inda harshe ya sauka, kunnen mai sauraro zai ji karo ko da bai iya faɗin dalili ba.

Daga nan ake gane fifikon kayan kiɗan gida a wannan aiki. Kalangu ana matse tsirkiyoyinsa a hammata a sassauta, sautinsa ya hau ya sauka kamar murya, goge ba shi da matakala a wuyansa, saboda haka yana iya zamewa tsakanin sauti da sauti, gurmi da kuntigi kuwa sautinsu gajere ne mai saurin mutuwa, yana barin fili ga kalma. Daga cikin kayan Turai, saksafon da babban goge mai kaurin murya sun fi fiyano dacewa, tun da su ma suna iya lanƙwasa sauti. Hanyoyin zama tare kuma uku ne: a yi karɓa-karɓa, murya ta faɗa kiɗa ya amsa, kamar a filin dambe, ko kiɗa ya shimfiɗa zubi guda murya ta yi yawo a kai, kamar a wajen Shata, ko kuma a rubuta komai a auna, kamar a zauren Turawa, wanda shi ne ya fi dacewa da rubutacciyar waƙa mai kari da amsa-amo.

Zamanin fiyano da abin da ya rage

A ƙarshen shekarun 1990, bayan bunƙasar finafinan Hausa a Kano, fiyanon lantarki ta shiga tsakani ta rushe tsohuwar katanga, domin wanda ke kaɗa ta ba ɗan gadon roƙo ba ne, ma'aikacin sutudiyo ne. Marubuta irin su Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Ala, suka ɗora rubutattun baitoci a kan kiɗanta, suka kai su inda littafi bai taɓa kaiwa ba. Amma fiyanon da aka ɗaura wa zubi ta riƙa maimaitawa ba ta sauraron kowa, ba ta jira, ba ta amsawa, mawaƙi ne ke bin ta, kuma na'urar gyaran murya kan goge lanƙwasar da ke sa furucin Hausa ya yi daɗi. A tsallaken iyaka, Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya rasu a 2008, ya nuna wata hanyar, inda ya ɗauki amon bori ya zuba shi cikin ƙungiyar makaɗan zamani masu rai, kuma cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai ta horar da makaɗan da suka iya kayan gida da na waje.

Waƙar furuci ta zamani ma ta iso daga ɓangarorin biyu. Gasar slam, wato fafatawar furta waƙa a gaban jama'a cikin ƙayyadadden lokaci, ta sami mazauni a wani gidan jaz na Chicago mai suna Green Mill a 1986, ta bi ta Faransa ta shigo Nijar, inda Jhonel ya zama jagoranta ya kuma kafa bikin FISH Goni. A arewacin Nijeriya kuwa, bikin littattafai da fasaha na Kaduna da aka fara a 2017, da bikin littattafan Hausa na ƙasa da ƙasa da ya biyo baya a 2021, sun ba matasa dandalin furta waƙoƙinsu da Hausa da Ingilishi. Yawancin waɗannan matasa, idan suna son kiɗa, sautin fiyano mai taushi suke saukowa da shi daga intanet su kunna a bayansu, alhali mai gurmin da zai iya amsa musu layi bayan layi yana zaune a kasuwar garinsu.

Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi suna gefe biyu na wannan yanki, Jibiya da Bugaje na tsakaninsu, kuma aikin da ke gabansu bai fi ƙarfinsu ba: ɗaukar take da kirari daga bakin dattawan da suka rage, musamman yanzu da rashin tsaro ya rage tarukan dambe da farauta a dazukan Jibiya da Zurmi, da kuma zaunar da marubuci ɗaya da makaɗa uku ko huɗu a ɗaki guda su yi ta gwaji har su saba da numfashin juna. Sharaɗin farko shi ne a rubuta sunan mai kalangu a jikin aikin daidai da na mai alƙalami, a kuma raba abin da aka samu da shi a matsayin abokin aiki, domin Langston Hughes bai ɗauki Charles Mingus a matsayin maroƙinsa ba.